A Ba Ɗalibanmu Guzurin Fita Bincike Kan Haƙƙin Jama'a

Malam Edita,

Assalamu alaikum. Ina roƙon ka ba ni fili a jaridarka in yi magana da shugabannin jami'o'inmu na Gombe da Bauchi, da gwamnatocin jihohin biyu, da masu hannu da shuni na cikinmu. Buƙatata guda ce. A kafa asusu na musamman a kowace jami'a wanda zai riƙa ɗaukar nauyin ɗaliban da suka zaɓi yin bincike a kan haƙƙin jama'a, domin su fita daga harabar makaranta, su je inda abin yake faruwa, su gani, su tambaya, su rubuta.

Ni ba malamin jami'a ba ne. Aikin magatakarda na yi a kotuna har na yi ritaya, tun muna cikin tsohuwar Jihar Bauchi kafin a ƙirƙiro Gombe a 1996. Shi ya sa yaran unguwa da 'ya'yan abokai da ke ajin ƙarshe, masu karatun lauya da nazarin zamantakewa da kimiyyar siyasa, sukan zo zaurena idan lokacin furojet ya yi. Taken da suke zuwa da shi kuwa mai nauyi ne: halin da masu jiran shari'a ke ciki, gadon mata, yara masu talla, rikicin manoma da makiyaya. Sai na ce, to ɗana, ina da ina ka je, wa da wa ka tambaya? Sai yaro ya sunkuyar da kai. Da yawansu abokan karatunsu suka raba wa takardun tambayoyi a ɗakin kwana. Wasu da kansu suka cike, suna sauya biro. Sauran bayanin kuma daga intanet aka kwaso.

Ba lalaci ne kaɗai ya kawo haka ba. Wata yarinya, 'yar aminina, ta zo mini da niyya mai kyau. Tana so ta bi matan da mazansu suka rasu a ƙauyukan Dukku da Nafada, ta ji ko tumuninsu na isa hannunsu, ko kuwa gona da shanu sukan shige hannun 'yan'uwan miji da sunan riƙon marayu. Ta iya Fillanci, ta kuma karanta fiƙihun gado a islamiyya. Muka zauna muka yi lissafin kuɗin mota, da na ɗan acaɓa daga bakin titi zuwa cikin ƙauye, da abinci, da kuɗin ƙanenta da zai raka ta, domin mahaifinta ba zai bar ta ta tafi ita kaɗai ba, kuma yana da gaskiya. Tun da aka cire tallafin mai ranar 29 ga Mayu 2023 kowa ya san yadda kuɗin mota ya koma. Lissafin ya fi ƙarfin fanshon uban. Ƙarshenta matan layinsu ta tambaya a nan cikin gari, ta rubuta, ta ci jarrabawarta. Tambayar da ta so amsawa kuwa tana nan, matan can ma suna nan yadda suke.

A wasu ƙasashe an daɗe da magance wannan. Makarantar koyon shari'a ta Jami'ar Harvard a Amurka ta buɗe shirinta na haƙƙin ɗan Adam tun 1984, Jami'ar Kalifoniya da ke Berkeley ta buɗe cibiyarta a 1994, kuma dukansu suna ware wa ɗalibai kuɗi don irin wannan fita. Tsarin ba shi da wuya. Ɗalibi zai rubuta abin da yake son bincikawa, da inda zai je, da ƙungiyar da za ta karɓe shi a can. Kwamiti ya tantance, a ba shi kuɗin tafiya da na zaman wasu makonni lokacin dogon hutu, ya dawo ya ba da rahoto. A nan Afirka, Jami'ar Piritoriya ta Afirka ta Kudu ta kafa irin wannan cibiya tun 1986, ana tsakiyar mulkin wariyar launin fata, kuma daga shekarar 2000 take tara ɗalibai daga ƙasashen nahiyar, har da 'yan Najeriya, suna digiri na biyu a fannin. Abin da ke ci mini rai shi ne, masu bincike daga nesa sukan iso har ƙauyukanmu da guzurinsu da tafintansu, su rubuta labarinmu. Yaronmu da ya tashi a Kaltungo ko Bajoga ko Dass, wanda ke jin Tangalanci ko Bolanci ko Jaranci ba tare da tafinta ba, wanda tsohuwa za ta kira ɗana ta faɗa masa abin da ba za ta taɓa faɗa wa baƙo ba, shi kuwa kuɗin mota ya hana shi zuwa garin kakarsa.

Wani zai ce ai akwai TETFund, wato hukumar tarayya mai tallafa wa manyan makarantu da kuɗi. Akwai, kuma ta yi aiki, duk wanda ya shiga jami'o'inmu zai ga gine-ginenta. An kafa ta da dokar 2011 a madadin tsohon asusun harajin ilimi na 1993, kuma harajin da kamfanoni ke biya ya tashi daga kashi 2 cikin 100 na ribarsu har ya kai kashi 3 a 2023. Tana ba da kuɗin bincike, amma malami ne ke nema, da sunansa ake bayarwa. Ɗalibi sai idan malaminsa ya ga dama ya ɗauke shi ɗan taya aiki. NELFUND, asusun lamunin ɗalibai da aka soma a 2024, kuwa bashi ne, na kuɗin makaranta da ₦20,000 a wata don ɗawainiya. Babu mai hankalin da zai ce wa yaro ya ɗebi kuɗin abincinsa na bashi ya tafi Nafada bincike. Saboda haka tsakanin waɗannan manyan asusu biyu akwai giɓi, kuma a cikin giɓin nan binciken ɗalibai yake mutuwa.

Bari in tsaya a kan abin da na fi sani, wato masu jiran shari'a, don a ga irin aikin da nake nufi.

Dokokinmu a takarda ba su da laifi. Sashe na 35 na kundin tsarin mulkin 1999 ya ce wanda aka kama a kai shi gaban alƙali cikin kwana 1 idan akwai kotu a tazarar kilomita 40, in babu kuwa cikin kwana 2. Sashe na 36 ya ce wanda ake zargi ba mai laifi ba ne sai kotu ta tabbatar. Dokar tafiyar da shari'ar laifuka ta tarayya ta 2015, wadda jihohi suka yi irin tasu daga baya, ta hana a kama uba ko mata ko ƙane a madadin wanda ake nema. Ta ce babban majistare ya riƙa ziyartar caji ofis ɗin da ke yankinsa duk wata ya duba waɗanda ke tsare. Ta ce umarnin ajiye mutum a gidan yari kada ya wuce kwana 14 a karon farko, sai an dawo gaban alƙali an kawo dalili. A 2017 aka yi dokar hana azabtarwa. A 2019 aka sauya wa gidajen yari suna zuwa gidajen gyaran hali. Duk da haka, kusan kashi 2 cikin 3 na mutanen da ke tsare a gidajen nan a faɗin Najeriya ba a yanke musu hukunci ba, jira suke yi.

Ga yadda abin yake tafiya, kamar yadda na gani shekara da shekaru. An kama mutum da zargin babban laifi, fashi ko kisa. 'Yan sanda su kai shi kotun majistare, alhali ita ba ta da hurumin yi masa shari'a. Majistare ya ce a ajiye shi, a aika fayil ma'aikatar shari'a a jira shawarar lauyoyin gwamnati. Daga nan fa sai abin da Allah ya yi. Wani lokaci ɗan sandan da ya yi binciken an yi masa canjin wurin aiki, fayil ɗin yana cikin durowarsa. Wani lokaci fayil ya isa ma'aikata amma lauya ɗaya ne a kan tuli. Wani lokaci shawara ta fito cewa babu hujja a kan mutumin, amma takardar ba ta iso kotu ba. Ranar zama ta zo, motar kawo fursunoni babu mai. Wata ranar an kawo shi, shaidu ba su zo ba, don sun gaji da biyan kuɗin mota daga ƙauye ana ɗagawa. Matarsa ta sayar da akuya, ta sayar da gado, daga baya ta daina zuwa. Idan Babban Joji ya kai ziyara gidajen yarin jiha yakan saki wasu, kuma abin a yaba ne, sai dai mutumin ya riga ya yi shekarun da ba wanda zai biya shi.

Kowa a kotu ya san waɗannan dalilai. Abin da ba mu da shi shi ne ƙidaya. A cikin mutum 100 da ke jira a Gombe ko Bajoga ko Billiri ko Tula, ko Bauchi da Azare da Ningi, nawa ne fayil ya maƙale a hannun 'yan sanda, nawa ne a ma'aikata, nawa ne an ba da belinsu amma sun rasa mai tsaya musu? Wannan aiki ne da ɗalibai huɗu ko biyar za su iya yi a hutu guda, da izinin kwanturolan gidajen yari da na Babban Joji. Su zauna da rajista su rubuta ranar kamu, ranar da aka fara kai mutum kotu, ranar da aka aika fayil, ranar da ya dawo, sau nawa aka ɗaga shari'ar da dalilin kowace ɗagawa, da ko yana da lauya. Idan wannan lissafi ya hau teburin kwamishinan shari'a, zai san ko lauyoyi zai ƙara ɗauka, ko man mota zai saya, ko da kwamishinan 'yan sanda zai zauna. A yanzu kowane ofis yana nuna ɗan'uwansa da yatsa, kuma ba mai iya ƙaryata wani. Ga shi tun 2023 an gyara tsarin mulki an ba jihohi damar kafa nasu gidajen gyaran hali. Kafin a zuba biliyoyi a gini, ai ya kamata a san mutum nawa ne bai kamata ma a ce suna ciki ba.

Akwai kuma waɗanda tara ce ta riƙe su. A ƙarshen 2023 ma'aikatar cikin gida ta tarayya ta tara gudummawar Naira miliyan 585 ta fitar da mutum 4,068 da suka kasa biyan tara ko diyya. Raba kuɗin nan da yawan mutanen ka ga ɗan abin da ke raba magidanci da iyalinsa. A jihohinmu akwai bayin Allah da ke zuwa da azumi su biya wa irin waɗannan. Da akwai ɗalibin da ya bi diddigi ya gano wane irin laifi ne ya fi kai talaka ga wannan hali, da alƙalai sun sami hujjar yin amfani da hukuncin aikin gayya ga al'umma, wanda dokar 2019 ta riga ta yi masa tanadi.

Ba sabon abu nake kawowa ba ko a Najeriya. Tun 2003 aka kafa ƙungiyar NULAI mai yaɗa ofisoshin taimakon shari'a na ɗalibai a jami'o'i, kuma maƙwabciyarmu Jami'ar Maiduguri tana cikin waɗanda suka fara. Ɗalibai a wurare da dama sun shiga gidajen yari sun bi fayiloli. Abin da ya rage shi ne kuɗin da zai sa aikin ya ɗore, ya kuma wuce tsangayar shari'a kaɗai.

Domin kuwa maganar ba ta 'yan karatun lauya ba ce su kaɗai. An sa hannu a dokar hana nuna wa masu buƙata ta musamman bambanci a Janairun 2019, aka ba gine-ginen gwamnati shekara 5 su gyara yadda mai keke zai iya shiga. Wa'adin ya cika a Janairun 2024. Ɗalibin zanen gine-gine na Jami'ar Abubakar Tafawa Ɓalewa, da tef ɗin awo da littafi, zai iya zagaya sakatariya da kotuna da asibitoci ya gaya mana nawa ne suka gyara. A Nuwamban 2022 aka ƙaddamar da haƙar mai a Kolmani, kan iyakar Alƙaleri da Akko. Yanzu ne ya dace ɗaliban kimiyya su ɗebi ruwan rijiyoyin ƙauyukan wurin su auna su ajiye sakamako, ɗaliban nazarin ƙasa su rubuta gonar wa ke ina, domin idan gobe aka yi jayayya a kan gurɓacewa ko diyya a sami abin da za a kwatanta da shi. Mutanen Neja Delta ba su sami wanda ya yi musu wannan tun farko ba. Manoma da yawa ma ba su san cewa dokar mallakar ƙasa ta 1978 tana biyan diyya ne a kan amfanin gona da bishiyoyi da gini ba, ba a kan ƙasar kanta ba, sai ranar da aka zo da takarda. Haka batun kwal na Maiganga, haka burtalolin da aka nome, haka gandun kiwo na Wawa-Zange.

Ga yaran barema da muke gani da damina da kaka, an cika su a bayan a-kori-kura tun asuba za a kai su gonakin wasu, a ranakun da dokar ilimin bai-ɗaya ta 2004 ta ce suna aji. Nawa ake biyansu, wa ke karɓar kuɗin, me ke faruwa idan motar ta kife? Ga 'yan'uwanmu da rikicin Boko Haram ya koro daga Borno da Yobe, waɗanda mafi yawansu ba a sansani suka zauna ba, cikin unguwanninmu suka shige. 'Ya'yan da suka haifa a nan sun kai shekarun neman makaranta, kuma takardar shaidar ƙaramar hukuma tana neman zame musu katanga. Kowanne daga cikin waɗannan ya isa furojet, har da digiri na biyu.

Mai shakkar ko ƙidaya tana canja wani abu, ya dubi Jamhuriyar Nijar. Shekaru ana cewa babu bauta a ƙasar. A farkon shekarun 2000 ƙungiyar Timidria, tare da wata ƙungiyar yaƙi da bauta ta Ingila, ta tura mutane ƙauyuka da rugage suka yi hira da mutum fiye da 11,000. A 2003 Nijar ta sa bauta cikin manyan laifuka a dokarta. A 2008 kotun ECOWAS da ta zauna a Yamai ta yanke hukunci a shari'ar Hadijatou Mani, wadda aka sayar tana 'yar shekara 12, cewa ƙasar ta gaza kare ta, ta kuma ce a biya ta sefa miliyan 10. Mutanen da suka shiga ƙauyukan nan da takarda da biro 'yan ƙasa ne masu jin harshen wurin. Gani ya kori ji.

Na san abin da ke zukatan mutanenmu da yawa idan aka ambaci haƙƙin ɗan Adam. Suna ganin wata hanya ce ta shigo mana da abin da ya saɓa wa addini da tarbiyya, kuma ba zan ce tsoron nan ba shi da tushe ba. Wanda ya ba da kuɗi shi ke zaɓen tambayar da za a yi. Idan duk kuɗin bincike daga waje yake zuwa, to abin da ya dami masu kuɗin za a bincika, da ma'auninsu za a auna. Wannan dalili ne na mu zuba namu, ba na mu naɗe hannu ba. Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo. Tumunin bazawara, da dukiyar maraya, da ladan ɗan ƙwadago, da mutumin da aka kulle babu shari'a, wanne ne a ciki baƙo ga Musulmi ko Kirista? Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya halarci ƙawancen Hilful Fudul a Makka tun kafin annabci, inda aka yi alkawarin tsaya wa duk wanda aka zalunta, kuma ya yabi wannan ƙawance bayan zuwan Musulunci. A nan gida ma muna da gado. A garin Bauchi ne, a shekarun 1940, su Malam Sa'adu Zungur da Malam Aminu Kano da Abubakar Tafawa Ɓalewa suke zaman muhawara a kan yadda ake mulkin talaka. A 1950 Tafawa Ɓalewa ya miƙe a majalisar Arewa a Kaduna ya nemi a binciki tsarin mulkin En'e. Bincike ya nema, a je a gani. Yau jami'o'i biyu a Jihar Bauchi suna ɗauke da sunayen biyu daga cikin mutanen nan. Ya dace a ce a cikinsu aka fara wannan asusu.

Sai dai ina da gargaɗi, kuma ina so a ɗauke shi da nauyi. Tura yaro ɗan shekara 22 ya tambayi mutane abin da ya fi yi musu ciwo ba wasa ba ne. Matar da ta gaya wa ɗaliba cewa ƙanen mijinta ya cinye gonar marayu, a gida ɗaya za ta kwana da dangin nan bayan ɗalibar ta hau mota. Fursunan da ya ce an doke shi a caji ofis yana nan a hannun hukuma. Don haka kafin a ba ɗalibi ko kwabo, a koya masa riƙon amana. Ya gaya wa mutum ko shi wane ne, da abin da zai yi da maganar, da cewa yana da ikon ya ƙi amsawa. Kada ya rubuta sunan gaskiya. Kada ya ɗauki hoto ya sa a Facebook ko TikTok don a yaba masa. Muryar da ya naɗa a waya a kulle ta, a goge idan an gama. Tun 2023 akwai dokar kare bayanan mutane a ƙasar nan, kuma ta hau kan ɗalibi kamar yadda ta hau kan banki. Kada kuma ya yi alkawarin abin da ba zai iya ba, domin talaka idan ya ga mai takarda da biro yakan ɗauka tallafi ne ke tafe. A gaya masa gaskiya tun a ƙofa.

Shi ma ɗalibin a kare shi. Ya tafi da takardar jami'a, ya fara sauka wurin hakimi ko dagaci, a san inda zai kwana. Inda babu tsaro kada a tura shi, komai kyan taken. 'Ya mace a sa kuɗin ɗan rakiyarta a cikin lissafi, in ba haka ba maza kaɗai za su riƙa cin moriyar asusun, alhali rabin abin da muke son sani yana cikin gida inda namiji ba ya shiga. Kuma a koya masa ya ji ta bakin kowane ɓangare. Ɗan sandan da ake zargi da riƙe fayil, a tambaye shi ko ofishinsa na da takarda da kuɗin kwafi. Gandiroba ma ɗan Adam ne mai iyali, a ji yadda yake kwana da ɗaruruwan mutane a ginin da aka yi don kaɗan. Mai bincike ba mai gabatar da ƙara ba ne. Ranar da hukumomi suka fahimci an zo ne a ci musu mutunci, za su rufe ƙofa, kuma ɗaliban da ke tafe a baya su ne za su yi asara.

Kuɗin da ake magana ba mai yawa ba ne. A ce kowace jami'a ta zaɓi ɗalibai 20 a shekara, ta ba kowanne ₦300,000, Naira miliyan 6 ke nan. Jami'ar Jihar Gombe, da ta Tarayya da ke Kashere, da ta Abubakar Tafawa Ɓalewa, da ta Sa'adu Zungur, su huɗun gaba ɗaya miliyan 24. Bai kai kuɗin motar babban jami'i guda ba. Jami'a za ta iya cirewa daga kuɗin shigarta. Gwamna zai iya sawa a kasafin hukumar ba da tallafin karatu. Amma ni na fi son a yi shi wakafi, domin kada ya mutu da sauyin gwamnati. Attajiri guda a kasuwar Gombe ko Wunti zai iya tsayar da shaguna biyar ya ce hayarsu ta wannan aiki ce har abada. Mun saba gina masallaci da haƙa rijiya, Allah ya saka wa masu yi. Ilimin da ya fitar da wanda aka kulle bisa kuskure shi ma sadaka ce mai gudana. Ƙungiyar lauyoyi reshen jihohin biyu, da ƙungiyoyin tsofaffin ɗalibai, da majami'u, kowa na da abin da zai iya sawa.

Tsorona ɗaya shi ne kada asusun ya zama na ɗan wane da 'yar wance. Maganinsa a cire suna daga takardar nema kafin ta isa gaban kwamiti, a bar lamba kawai. A sa mutanen waje a kwamitin, kamar tsohon alƙali, da wakilin Hukumar Kare Haƙƙin Ɗan Adam ta Ƙasa wadda aka kafa a 1995 kuma tana da ofisoshi a jihohi, da wakilin hukumar ba da lauya kyauta, da mace aƙalla guda. A tura kuɗin kai tsaye asusun ɗalibi a kashi biyu, rabi kafin tafiya, rabi idan ya dawo da littafin aikinsa da sa hannun mai garin da ya sauka. Malamin da zai duba aikin shi ma a ba shi kuɗin mota ya leƙa yaron ko sau ɗaya, domin malaman nan su ma aljihunsu ba ya ɗauka. A kuma liƙa sunayen waɗanda suka samu da taken bincikensu a allon sanarwa kowa ya gani.

Sharaɗi na ƙarshe shi ne wanda na fi damuwa da shi. Duk wanda ya ci kuɗin nan, wajibi ne ya mayar wa mutanen da ya tambaya abin da ya gano, da harshen da suke ji. A yanzu furojet da Turanci ake rubuta shi, a yi masa bango mai kauri, a jera a kanta, ƙura ta rufe. Tsohuwar da ta ba da awa biyu tana ba da labarin gonarta ba za ta taɓa sanin inda maganarta ta kwana ba. A wajabta wa ɗalibi ya rubuta shafi biyu da Hausa, ya koma garin ya karanta a ƙofar fada ko a makarantar firamare, ya kai kwafi ga hukumar da abin ya shafa, a sa masa hatimin karɓa. Gidajen rediyonmu na Gombe da Bauchi su ba su minti 15 a mako.

Kai ma, Malam Edita, akwai naka rabon. Ina roƙon jaridarka ta ware shafi guda a wata don irin wannan taƙaitaccen rahoto na ɗalibai, ta kuma tura wakilanta na Gombe da Bauchi su tambayi shugabannin jami'o'in nan huɗu nawa suka ware wa binciken ɗalibai a kasafin bana, a buga amsar kowannensu. Ni kuma a shirye nake, ni da wasu abokan aikina da muka yi ritaya, mu zauna da duk ɗaliban da aka zaɓa mu nuna musu yadda ake karanta rajistar kotu da yadda ake bin sawun fayil, ba tare da an biya mu komai ba.

Wassalam.

Naka,
Tsohon magatakardan kotu,
Gombe.